Yadda Ake Ratsa Kwarin Loire a Kan Keke, Daga Blois Zuwa Saumur

Kogin Loire shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. A gefensa aka shimfiɗa hanyar keke mai suna La Loire à Vélo, kusan kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har bakin tekun Atlantika. Kada tsawon ya ruɗe ka. Wanda ya ce sai ya cinye ta a mako guda zai dawo da ciwon gwiwa, bai ga komai ba sai kwalta. Zuciyar tafiyar tana tsakanin Blois da Saumur, cikin yankin da UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Sunayen garuruwan zan rubuta su yadda za ka gan su a allon hanya, domin Bafaranshe ba ya furta rabin haruffan da ya rubuta: Loire sai ya ce Luwar, Blois ya ce Buluwa, Tours kuwa Tur.

Mataki na farko: lokaci da takardu

Je a watan Mayu, Yuni ko Satumba. Yuli da Agusta lokacin hutun Turawa ne, masauki ya yi tsada, layin shiga fadoji ya yi tsawo. Ni Satumba na fi so, saboda a lokacin ake fara girbin inabi, ga ƙamshinsa a iska, ga taraktoci suna kai kawo tsakanin gona da wurin matse inabin. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen, kuma za a tambaye shi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar inda zai kwana. Fara wannan da wuri, shi ne ya fi hawan tudu wuya.

Mataki na biyu: keken

Ba sai ka ɗauko naka ba. A Blois, Amboise, Tours da Saumur akwai masu ba da haya, wasunsu ma suna yarda ka karɓa a wani gari ka ajiye a wani, har su kai maka jakarka masauki na gaba idan ka biya. In keken tsere kake so, mai lanƙwasasshen kai, nemi wanda tayarsa ta kai faɗin milimita 28 zuwa 32. Yawancin hanyar kwalta ce, amma akwai wuraren tsakuwa, kuma tsofaffin garuruwan dutse aka jera musu a ƙasa, siririyar taya tana wahala a kansu. Kafin ka bar shagon, a daidaita maka tsayin sirdi, ka gwada birki, ka tabbatar an ba ka tub na ko-ta-kwana, famfo, kayan faci da kwaɗo. Sayi wando mai soso. Rana ta uku za ka gode mini.

Mataki na uku: dokar hanya

A hannun dama ake tuƙi, kamar gida. Abin da ke kama baƙo shi ne dokar mai fitowa daga dama: a mahaɗar da babu alama, wanda ya ɓullo ta damanka shi ke da hanya, ko da daga lungu ya fito. An hana sa abin sauraro a kunne kana tuƙi. Fitila da ƙararrawa wajibi ne, haka rigar nan mai ƙyalli idan dare ya yi maka a wajen gari. Hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12, babba kuwa hankalinsa ne zai sa ya saka. Lambar neman agaji 112.

Mataki na huɗu: raba kwanakin

Daga Paris jirgin ƙasa na tashar Austerlitz zai sauke ka a Blois. Iska a yankin ta fi kaɗawa daga yamma, don haka mai bin kogi zuwa Saumur yana fuskantarta. Wasu kan fara daga Saumur don ta tura su. A gajeriyar tafiya irin wannan bambancin bai kai a ɓata tsari ba. Ka'idata ɗaya ce: kilomita 40 zuwa 50 a rana, fada ɗaya a rana. Wanda ya shiga uku a yini guda, da yamma ba zai tuna wacce ce mai matakala, wacce ce mai lambu ba.

Rana ta farko, bar kayanka a Blois ka je fadar Chambord ka dawo, kusan kilomita 20 kowane zuwa. Sarki François na Ɗaya ya fara gina ta a 1519, ɗakuna sama da 400, ga katangar kilomita 32 da ta kewaye dajin farautarsa. A tsakiyarta akwai matakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna amma ba sa haɗuwa. Duk wannan gini, sarkin bai kwana a ciki ba sai 'yan makonni a tsawon mulkinsa.

Rana ta biyu, Blois zuwa Amboise, kimanin kilomita 40, ta Chaumont mai bikin lambuna. A Amboise kwana biyu ya kamata ka yi. A nan shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya ƙare rayuwarsa, a gidan Clos Lucé, daga 1516 zuwa rasuwarsa a 1519. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban. A fadar garin ne Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya shafe shekaru yana yaƙarsu, daga 1848 zuwa 1852, tare da iyalansa da mabiyansa. Wasu daga cikinsu a can suka cika, can aka binne su, kuma a saman fadar akwai lambu da aka keɓe don tunawa da su. Yawancin masu yawon buɗe ido wucewa suke yi. Kai ka tsaya ka yi musu addu'a.

Washegari ka ratsa daji zuwa Chenonceau, ƙasa da kilomita 20, fadar da aka ɗora a kan gada bisa kogin Cher. A Yaƙin Duniya na Farko asibitin sojoji aka mai da dogon zaurenta. A na biyu kuwa kogin ne iyaka tsakanin ɓangaren da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai ya zama ƙofa ɗaya tana nan, ɗaya tana can, mutane suka riƙa tserewa ta ciki.

Daga Amboise zuwa Tours kusan kilomita 30 ne ta gonakin Montlouis. Sai Villandry mai lambun kayan miya da aka tsara kamar zanen hula, sai Chinon inda Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, ta gana da sarki Charles na Bakwai a 1429, sai Fontevraud inda kabarin sarkin Ingila Richard mai laƙabin Zuciyar Zaki yake, sannan Saumur. Wannan ɓangaren ka ba shi kwana biyu ko uku.

Mataki na biyar: gonakin inabi

A bakin kogi hanya shimfiɗe take, sau da yawa a kan tudun da aka yi don tare ambaliya. Amma inabi ba ya son fadama, a gangaren tuddai ake dasa shi, don haka duk lokacin da allo ya karkatar da kai daga ruwa, shirya hawa. Sauko da giya tun kafin tudun ya kama ka. Giyar keke nake nufi, tunda a wannan ƙasa maganar tana da harshen damo.

Ɗaya giyar ita ce sana'ar yankin, ba a ɓoye ba. A Vouvray da Montlouis farin inabi mai suna chenin ake nomawa, a Chinon da Bourgueil baƙi mai suna cabernet franc. Farin dutsen da aka sassaƙo aka gina fadojin ya bar koguna a cikin tuddai, masu sanyi rani da damina, a ciki ake ajiye gangunan. Wajen Saumur wasu kogunan naman kaza ake nomawa a ciki, wasu kuma gidaje ne da mutane ke zaune. Wanda ba ya sha bai yi asarar komai ba: cewa “jus de raisin” ya isa a ba ka ruwan inabi zalla idan suna da shi. Kada ka tsinki inabi a gonar mutane, ko da reshen ya leƙo hanya. Mai sha kuma ya sani dokar maye ta mai mota tana kan mai keke.

Mataki na shida: ci, sha da kwana

Lura da rillettes da rillons, abincin alfaharin Tours, naman alade ne. Burodi, cukwin akuya na Sainte-Maure, kifin kogi, ƙwai da 'ya'yan itace za su riƙe ka, mahautan halal da masallatai kuma sai a manyan garuruwa irin Blois da Tours. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin, saboda haka sayi guzuri da safe. In ruwa ya ƙare, maƙabartar ƙauye kan sami famfo kusa da ƙofa, sai dai idan ka ga an rubuta “eau non potable”, ba na sha ba ne. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ka duba lokutan salla na garin kada ka bi na gida.

Wajen masauki nemi alamar Accueil Vélo. Tana nufin wurin bai wuce kilomita 5 daga hanyar ba, kuma yana da inda za a kulle keke. Ranar da ƙafa ta ƙi, ko ruwan sama ya tsuge, jiragen ƙasa na yankin suna bin kogin kuma suna ɗaukar keke. Tambayi tasha tun da safe ko sai an kama wa keken wuri, musamman a lokacin bazara.