Yadda na sa mai kimanta ɓarna ya sake lissafi

Tirela ta goge min gefen mota a hanyar Zariya. Mai kimanta ɓarna daga kamfanin inshora ya zaga motar, ya rubuta kuɗin da ko ƙofa ba zai saya ba, wai a buga a yi fenti.

Na ƙi sa hannu a takardar sallama, wato ta amincewa da kuɗin da ya rubuta, don da ka sa, magana ta mutu. Bakanike ya ɗaga motar, sai ga shoki a lanƙwashe. Na ɗauki hoto, na karɓo rubutaccen farashi daga gareji biyu, na haɗa da rahoton 'yan sanda na aika wa kamfanin, tare da cewa zan kai kuka NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya. Da mai kimanta ɓarnar ya dawo, har ƙarƙashin mota ya shiga. Aka biya ƙofa da shoki.