Yadda ɗan Nijar zai zaga tsohuwar Alƙahira cikin kwana biyu

Mutanenmu na Yamai da Tawa da ke zuwa Masar don magani, karatu ko sarin kaya, da yawansu sukan dawo ba su ga komai ba sai kasuwar Khan Khalili. Alhali masallatan da suka haura shekara dubu suna nan kusa da ita, tafiyar ƙafa ce kawai. Kwana biyu sun isa, in dai an raba su daidai.

Tun daga Yamai ka nemi biza a ofishin jakadancin Masar, ka haɗa katin rigakafin shawara da fasfo. Sefa ba ta da kasuwa a can, sai ka riƙe Yuro ko dala ka canza zuwa fam. Ka tafi da katin banki mai aiki a waje, domin yawancin wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi wajen sayar da tikiti. Nan ne baƙi suka fi yin cirko-cirko a bakin ƙofa.

Ranar farko ta titin Mu'izz ce. Ka fara da safe daga arewa, a Bab al-Futuh, ƙofar ganuwa da aka gina a 1087. Tashar metiro ta Bab al-Sha'ariya ba ta da nisa da ita. Daf da ƙofar akwai masallacin Hakim, wanda aka kammala a 1013. Daga nan ka miƙe kudu, titin wajen kilomita ɗaya ne. Kada ka wuce ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125 ba ka dubi sassaƙar dutsen fuskarsa ba. Inda ya kamata ka daɗe shi ne ginin Sarki Ƙalawun na 1285: makaranta, hubbare da asibiti a haɗe. Shiga ƙarƙashin ƙubbar, ka jira idonka ya saba da duhu, sai marmara da gilasai masu launi su bayyana.

Ka daidaita tafiyar yadda Azahar za ta same ka a Azhar, wanda aka buɗe a 972. Ɗaliban ƙasashenmu sun daɗe a wurin, har a da akwai ɓangaren kwana da ake kira na Barnawa. Shiga masallacin kyauta ne. Da yamma ka ƙarasa Bab Zuwaila ta 1092, ka hau ɗaya daga hasumiyoyi biyun da ke bisa kanta. Matakalar matsattsiya ce kuma da duhu, mai ciwon gwiwa ya haƙura.

Rana ta biyu sai da mota, don wuraren sun yi nesa da juna. Ka kira ta Uber ko Careem domin a san kuɗin tun kafin a tashi. Ɗan tasi in ya ji harshenka ya gane baƙo ne, sai ya ninka. Fara da ganuwar Salahuddin, wadda aka soma a 1176, tun rana ba ta yi zafi ba. Masallacin Muhammad Ali na cikinta, daga farfajiyarsa kuma ana hangen birnin gaba ɗaya.

Sauko ƙasa zuwa masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356. A ganina babu kamarsa a Alƙahira. Za ka bi ta wani lungu mai duhu, kwatsam ka fito fili mai manyan zaure huɗu, da makarantu huɗu a kusurwoyi, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya da muke bi. Mahaifin wannan sarki, Nasir Muhammad, shi ne ya karɓi Mansa Musa na Mali a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Ba masallacin awa guda cur, ka zauna kan tabarma ka ɗaga kai. Masallacin Rifa'i da ke fuskantarsa sabo ne, na 1912, leƙawa ta wadatar.

Ka rufe da masallacin Ibn Ɗulun na 879, wanda matakalar hasumiyarsa ke kewaye ta daga waje. Da bulo aka gina shi aka shafe da farar ƙasa, kuma faɗin filinsa da shirunsa za su tuna maka filin idi.

Kada ka sa ziyarar ranar Juma'a, cunkoso ba ya barin a duba komai. Wuraren tikiti sukan rufe wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma. Ka riƙe leda don takalmanka, ko ka tanadi ƴan canji na masu tsaron takalma. Mata su san metiro na da taragon da aka keɓe musu. In tsakanin Disamba da Fabrairu za ka je, sa safa mai kauri, domin sanyin daɓen marmara da safe ya fi na hunturun Tawa shiga ƙashi.