Daga yankan makulli zuwa ƙofar kati: inda sabon shiga ya fi tuntuɓe

Mai gyaran makulli da ya fara sa ƙofofin da ake buɗewa da kati, yatsa ko lambar sirri ya shigo da jari mai kyau, domin ya san ƙofa ciki da waje. Inda ake samun matsala shi ne ɓangaren wuta.

Kuskure mafi hatsari shi ne mutum ya duƙufa wajen hana ɓarawo shiga, ya manta da yadda na ciki za su fita. Makullin lantarki iri biyu ne: wani yana sakin ƙofa idan wuta ta ɗauke, wani yana nan a kulle. Na maganaɗisu mai sakewa ne, amma muddin wuta na shigarsa yana riƙe ƙofa da ƙarfin kilo 270, babban kuma 540, da wuya kafaɗa ta ɓalle shi. Ka yi tunanin hayaƙi ya cika ofis, mutane sun taru a bakin ƙofa, na'ura ta ƙi karanta kati. Don haka a haɗa makullin da ƙararrawar gobara, ya saki ƙofa idan ta yi ƙara, a kuma sa maɓallin fita da ke yanke wutar makullin kai tsaye, ba sai ya bi ta akwatin sarrafawa ba, wato na'urar da ke ba makulli umarnin buɗewa. A duba dokar gobara ta wurin tun kafin a huda bango. A nan ba a rangwame, ko mai gida ya roƙa.

Sai kuma na'urar danna lamba da ake mannawa a waje alhali wayoyin makullin suna bayanta. Mai sukudireba zai kwance ta, ya haɗa waya biyu, ya shige abinsa. Na'urar karanta kati kaɗai ake bari a waje, akwatin sarrafawa yana ciki.

Kati ma ba duka ɗaya ba ne. Na 125 kHz ana kwafarsa cikin daƙiƙu da 'yar na'ura mai arha, nau'in MIFARE Classic kuwa tun 2008 masu bincike suka fasa sirrinsa. Katin DESFire EV2 ko EV3 ya fi tsaro. Haka tsohon tsarin Wiegand, da ke haɗa na'urar karanta kati da akwatin sarrafawa, yake aika lambar kati a fili cikin waya, shi kuwa sabon tsarin OSDP yana iya ɓoye ta, idan an kunna ɓangaren tsaronsa.

Idan makulli yana aiki yau gobe ya ƙi, kada ka yi saurin ɗora wa kayan laifi. Siririyar waya mai tsawo tana shanye wuta, sai 12V ta iso ƙofa a raunane. Ka auna a bakin makullin yana cikin aiki, ba a bakin akwatin sarrafawa ba. Makullin da harshensa ke sakewa da wutar DC yana buƙatar dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, don wutar da ke dawowa kada ta lalata akwatin. Batirin ajiya kuma yakan gaji cikin shekara uku zuwa biyar, ka rubuta ranar da ka sa shi a jikinsa.

Kada ɗokin sabon ilimi ya sa ka watsar da tsohon. Ƙofar da ta sauka, ko wadda ba ta rufuwa da kanta, sai an gyara ta kafin a ja waya.

Ranar miƙa aiki, canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani. Zaunar da mai wurin ya goge kati ɗaya daga cikin na'urar da hannunsa, don ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko kati ya ɓata. Sannan ku rubuta yarjejeniyar dubawa lokaci-lokaci, a fayyace wanda za a kira idan ƙofa ta ƙi buɗewa da dare, da abin da za a biya.