Shawara ga masu faranten sola da ke kallon gabas da yamma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rufin kwanon gidajenmu na Katsina da Daura galibi gangare biyu ne, shi ya sa wasu faranten sola ke kallon gabas, wasu yamma. Wannan ba laifi ba ne, har ma yana ba da wuta tun hantsi har la'asar. Wajen haɗa waya ne ake yin ɓarna.

Kada a jera na gabas da na yamma a layi ɗaya, wato siris. Wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu duka, saboda haka wanda rana ba ta buga sosai sai ya ja sauran ƙasa. In inbatarka na da ƙofar MPPT biyu, wato inda wayar faranten ke shiga, ba kowane ɓangare tasa, magana ta ƙare. In ɗaya ce, a yi layi biyu, na gabas da na yamma, kowanne da faranti iri ɗaya kuma adadi ɗaya, sannan a haɗe su faralal, wato + da +, − da −. Asarar kaɗan ce. Amma uku a gabas, biyar a yamma, wannan sai dai a ƙaro caji kwantirola daban, wato na'urar da ke daidaita cajin batir.

Abin da masu haɗi da yawa ke mantawa: boltej na farantin sola yana hawa idan gari ya yi sanyi. A tara lambar Voc, wato boltej ɗin faranti in ba a jona masa komai ba, da ke bayan faranten da ke layi ɗaya, a bar rata ƙasa da iyakar inbata, don safiyar hunturu kan iya ƙona ta. In layukan da aka haɗe faralal sun kai uku, kowanne a sa masa fiyus.

Mai sabon gini kuwa, ya fuskantar da faranten kudu, karkata kamar digiri 13.