Darasi na 9: Ƙofar Direba a Mota Mai Ɗaki

Mota mai ɗaki ita ce wadda aka yi wa gado da madafa da makewayi a ciki, mutum ya yi tafiya da ita kuma ya kwana a cikinta. An fi amfani da ita a Amurka da Turai, amma takan shigo mana jefi-jefi cikin motocin gwanjo, akwai kuma masu mayar da Coaster ko Hiace ɗaki. Ƙananan suna da ƙofofin gaba biyu kamar kowace mota. Manyan masu siffar bas kuwa, da yawansu ƙofa ɗaya gare su a gefen fasinja, direba sai ya ratsa ta ciki kafin ya sauka.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka sitiyari yana hagu, ƙofar direba kuma tana buɗewa ne cikin titi. Wanda ya tsaya a Kwangila ko PZ a Zariya ya buɗe ta bai duba madubi ba, ɗan acaɓa ko mai Keke Napep zai kwasa. Ku lura da motar da aka ƙera don Ingila ko Japan aka juya mata sitiyari: sau da yawa ƙofar fasinja tana nan a hagu, iyali su riƙa sauka a bakin motoci masu gudu.

Amfanin ƙofar direba na yau da kullum a fili yake. A gidan mai ko shingen jami'an tsaro direba zai sauka nan take, ba sai ya taka shimfiɗa da takalmi mai taɓo ko ya tashi yara daga barci ba.

Babban amfaninta shi ne ranar tsautsayi. A irin waɗannan motoci murhun gas yakan kasance a tsakiya, galibi kusa da hanyar fita. In wuta ta kama a nan, ta tare kowa. In kuma motar ta faɗa kwalbati ta kwanta a kan gefen dama, ƙofar fasinja ta danne ƙasa, ba mai buɗe ta. A nan ƙofar direba ce mafita. Don wannan kaɗai muke ganin ƙofar direban da ta zo da mota daga kamfani ta cancanci ƙarin kuɗi.

Tana da nata matsalolin. Robar bakinta tana bushewa da zafin bazara, ta tsage. Da hunturu ƙura ta shigo, da damina ruwa ya tsiyayo ƙarƙashin kafet, tsatsa ta ci ƙarfen ba a sani ba. Kafin ku saya, ku sa takarda tsakanin ƙofar da robar, ku rufe, ku ja. In ta zare da sauƙi, robar ta mutu. A gwada sama, ƙasa da gefe. Sannan mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya watsa bokiti 2 na ruwa daga sama. A buɗe ƙofar rabi, a kama gindinta a ɗaga: in tana rawa, hinjinta ya ci. Ƙananan ramukan da ke ƙarƙashinta na fitar ruwa ne, a riƙa zungure su da waya, a sa wa hinji da makulli giris kafin damina.

Ku duba tsayi kuma. A babbar mota kujerar direba tana bisa taya ko dab da ita. In babu matakala da mariƙi mai ƙarfi, dattijo mai ciwon gwiwa ba zai mori ƙofar ba, kuma babbar riga takan maƙale a wajen sauka.

Motar da ba ta zo da ƙofar ba, kada ku yarda fanabita ya yanka mata. Akwai ginshiƙan ƙarfe da wayoyin wuta a cikin bangon nan. In aka datse su jikin motar ya yi rauni, walda ta riƙa tsagewa a gargada, ƙofar ta daina zama daidai. A maimakon haka, a tabbatar akwai taga mai faɗi a gefen hagu da babban mutum zai iya fita ta ciki, a rataye ƙaramar gudumar fasa gilashi kusa da ita, a ɗaure abin kashe gobara inda hannun direba zai kai yana zaune. Kafin a tashi tafiya, kowa a gidan, har yara, ya buɗe tagar da hannunsa sau ɗaya.