Hilux ɗinka na shan mai? Kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya bayyana cewa tallafin mai ya tafi, duk mai a-kori-kura ya koma lissafi. Ɗan kwangila, manomi mai kai taki gona, shugaban sashen sufuri na ma'aikata, kowa kukansa ɗaya: motar nan tana shan mai. Wasu sun sayar da Hilux ko L200 ɗinsu da asara, wasu sun yi ta canza fulogi da nozul ba gaira ba dalili, wasu kuma sun sallami direba bisa zargin sata. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin sau da yawa ba a auna komai ba kafin a raba mutum da abincinsa.

Babban kuskure shi ne auna shan mai da naira. Za ka ji mutum ya ce, "Da man dubu ashirin nake zuwa Kaduna daga Kano, yanzu ko Zariya ba ya kai ni." Wannan labarin farashi ne, bai gaya maka komai game da injinka ba. Allurar tanki ma ba abin dogaro ba ce, don tanki ba murabba'i ba ne, rabin sama da rabin ƙasa ba sa sauka daidai. Hanyar da ake bi ita ce: ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada ka ce a ƙara ɗura har ya zo wuya. Ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka yi harkokinka kamar kullum, sannan ka koma gidan man nan, in so samu ne famfon nan, ka sake cikawa har ya tsaya. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In ka yi kilomita 480 aka zuba lita 60, motarka tana yin kilomita 8 da kowace lita. Ciko ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ka yi uku ko huɗu, ka rubuta a ɗan littafi tare da irin hanyar da aka bi da kayan da aka ɗauka. Man galan na 'yan bumburutu kuwa yana ɓata lissafin gaba ɗaya, tunda ba ka da tabbacin litar balle ingancinsa.

Daga nan sai kuskuren kwatanta abin da ka samu da lambar da kamfani ya buga. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji ake fitar da su, mota tana gudu a kan nadi, babu buhunan masara a baya, babu ramuka, babu cunkoson Kofar Ruwa ko Mararraba. A Turai sai da aka sauya tsarin gwajin a 2017, aka kawo wanda ake kira WLTP, saboda tsohon yana ba da lambobin da direbobi ba sa gani a titi. Ko sabon ma bai san hanyoyinmu ba. Hilux mai injin fetur 2.7 galibi tsakanin kilomita 7 zuwa 9 take yi da lita, mai dizal 2.4 ko 2.8 kuwa wajen 10 zuwa 12. Idan taka tana nan, ba ta da ciwon komai, nauyinta ne da girman jikinta.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma, Tundra da F-150, suna da wani ruɗanin na daban. Mitarsu mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya raba lambar mitar da lita ba tare da ya juya ta zuwa kilomita ba, zai ga kamar motar tana zubar da mai a ƙasa. Haka kuma galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, don haka lambar da ka gani a intanet sai ka san ta wace ƙasa ce. Tundra mai injin V8 5.7 wajen mil 15 take yi da galan a gwajin hukumar Amurka, wato kilomita 6 da ɗoriya a lita. Babu bakaniken da zai mayar da ita Corolla, duk wanda ya yi maka wannan alkawari kuɗinka yake so.

Yanzu mu zo kan ƙafar direba, inda mafi yawan man yake tafiya. A-kori-kura doguwa ce, gabanta faffaɗa, iska take turawa duk inda ta nufa. Ƙarfin da iska take tare mota da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi: in ka tashi daga 80 zuwa 120, turjiyar iska ta ninka fiye da sau biyu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce daga wajen mil 50 a awa, wato kilomita 80, amfanin mai yake fara faɗuwa da sauri, kuma tuƙin fizga da taka birki yana iya cin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, a cikin gari har 40. Gyaran nan ba ya bukatar ko kwabo. Ka tsaya tsakanin 90 da 100 a hanya mai kyau, ka shiga babbar giya da wuri, ka hango gaba ka ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ka iso shingen bincike ko tudun rage gudu. Na san akwai hanyoyin da tsoro ke sa mutum ya taka, ba na ganin laifin kowa a kan wannan, amma a sa shi cikin lissafi, kada a ɗora wa inji.

Wasu direbobin kuma suna sakin mota furi, wato su cire giya, a gangara wai suna ajiyar mai. A zamanin kafireto an yi wannan lissafin. Injin zamani in yana cikin giya kuma ƙafarka ba ta kan totur, kwamfutar motar tana yanke mai gaba ɗaya. In ka cire giya sai ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ka yi asarar mai ke nan, ka kuma bar birki shi kaɗai da nauyin mota. A wuri irin Hawan Kibo, da kaya a baya, wannan wasa da rai ne.

Barin inji yana aiki mota na tsaye shi ma rami ne da mita ba ta gani. Awa ɗaya a tsaye tana cin lita 1 zuwa 2, gwargwadon girman inji da ko esi yana kunne. Direban da aka bari a rana awa uku yana jiran maigida ya fito daga taro, ya kunna esi don kada zafi ya kashe shi, a ƙarshen wata sai a ga mai ya tafi kilomita ba ta ƙaru ba, a ce ya sata. A sama masa inuwa ko wurin zama, a ga bambanci. Ɗumama inji minti goma sha biyar da safe ma ba dole ba ne; minti ɗaya ya isa, sai a tashi a hankali. Inda ake bari ya ɗan yi aiki shi ne mai dizal da turbo bayan doguwar tafiya, minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

Sai abin da ake yi a gareji, kuma a nan nake roƙon 'yan'uwa bakanikai su saurara. Al'adar cire tamostat, wato na'urar da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi, tana jawo wa masu mota asara kullum. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya haura digiri 80. In aka cire tamostat, ruwa yana zagayawa tun daga tashi, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da asuba a lokacin hunturu, ita kuma kwamfuta tana ganin inji da sanyi sai ta ƙara masa mai. Mota in tana zafi, a duba lagireto, murfinsa, famfon ruwa da fanka, a sa sabon tamostat. Haka batun tukunyar salansa da ake kira indomi: a fasa ta a sayar, a bar na'urar auna iskar hayaƙi a lalace ko a tsinke, wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, a ce masa ba komai. A motar fetur wannan na'urar ce take gaya wa kwamfuta yawan man da za ta bayar, in ta mutu sai a koma kirdado, kuma kirdadon yakan karkata wajen yawa. A sa kwamfutar bincike a karanta abin da wutar take faɗa. Baƙin mai ma a bi abin da littafin motar ya ce. Zuba mai kauri 20W-50 a sabon injin da aka rubuta masa 5W-30 yana ƙara masa wahalar juyi.

Batun iskar taya kuwa kusan kowa da laifinsa. Mai faci ya bubbuga da ƙarfe ya ce ta yi, ko a bi lambar da ke jikin tayar, alhali wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Lambar gaskiya tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, da ta mota babu kaya da ta mota da kaya, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Masu sa manyan tayoyi masu kaushi don kwalliya su san abu biyu: sun ƙara nauyi da turjiya, sannan sun ɓata mita. Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 taya ta ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, mita za ta riƙa nuna ƙasa da abin da aka yi da wannan kason, sai an ƙara shi kafin a raba da lita.

Giyar taimako ta yashi ce da laka. Wanda ya fito daga gona ya manta ta a 4H, wato tayoyi huɗu duka suna ja, ya hau kwalta yana shan mai, yana cin taya, yana kuma murɗe kayan ƙasan motar. Ƙarafan ado a gaba, ragar kaya a rufi, tsofaffin buhunan siminti da jarkoki da suka kwana wata a baya, duk da mai ake jan su. Kayan da aka tara ya fi kan mota tsawo a rage masa tsawo a ɗaure tamfal sosai. Buɗe ƙofar baya don iska ta wuce kuma ba ya rage komai, gwaje-gwaje sun nuna rufe ta ya fi ko kuma duk ɗaya ne.

In an gyara waɗannan, an yi ciko uku ko huɗu, lambar tana nan ƙasa da inda ya kamata, to lokacin bincike ya yi. A fara da mai sauƙi: a taɓa wilin kowace taya bayan tafiya, wanda ya fi saura zafi birkinsa yana riƙewa. A duba saitin ƙafa in taya tana cinyewa gefe ɗaya. A buɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturu take toshewa da wuri, a canza ta maimakon a yi ta hura mata iska har ta huje. A leƙa ƙarƙashin mota da safe ko akwai ɗigo ko warin mai. Mai dizal da ke baƙin hayaƙi a kai nozul ɗinsa wurin masu injin gwaji, a auna kowanne, a canza wanda ya gaza kaɗai.