Yadda ake ziyartar Huntsville, garin rokoki na jihar Alabama

Tun wajen sayen tikiti wasu ke ɓata tafiyarsu. Akwai Huntsville a Texas, akwai wata a arewacin Alabama, kuma ta Alabama ita ce garin rokoki. Ka duba tikitinka, HSV za ka gani a rubuce. Filin jirgin ƙarami ne, sai ka sauya jirgi a wani gari, kuma Atlanta ta fi sauƙi tunda Delta na tashi daga Legas zuwa can kai tsaye. In kuɗin ƙaramin jirgin ya yi yawa, ka yi hayar mota daga Atlanta, tafiyar awa uku da rabi ce ko kusa da haka. Agogon Atlanta na gaban na Huntsville da awa ɗaya, ka kiyaye wannan ranar komawa.

Mota dole ce. Garin a baje yake, bas kuma ba ya zuwa ko'ina. Ka kama otal a gefen babbar hanyar I-565, don ita ce ta haɗa filin jirgi da gidan tarihin rokoki da tsakiyar gari. Ka zo a Oktoba in da hali. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, daga Maris zuwa Mayu kuma lokacin guguwa ne. In ka ji jiniya, ka shige ɗakin ƙasa mara taga.

Abin da ya fi ba baƙi takaici shi ne zaton da suke zuwa da shi. Ba a harba roka a Huntsville, wannan aikin Cape Canaveral ne a Florida. A nan ake tsara roka da gwajinta. Sojan Amurka ya kawo masanin roka Wernher von Braun da injiniyoyinsa Jamusawa garin a 1950, su suka haɗa rokar da ta ɗaga Explorer 1, tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, a 1958. A 1960 aka kafa cibiyar Marshall ta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, inda aka tsara Saturn V da ta kai mutum duniyar wata. To amma Marshall tana cikin Redstone Arsenal, barikin soja ne mai aiki. Ko lokacin da ake zagayawa da baƙi cikin bas, 'yan ƙasar Amurka kawai ake ɗauka. Bizar yawon buɗe ido ba za ta shigar da kai ba, kada ma ka je bakin ƙofa kana roƙo, kada kuma ka tsaya ɗaukar hoton ƙofar.

Wurinka shi ne gidan tarihin rokoki, wato U.S. Space & Rocket Center, wanda aka buɗe a 1970, kuma yini guda yake ci. Ka isa da buɗewa, ka wuce kai tsaye zauren Davidson, inda rokar Saturn V take, kafin motocin 'yan makaranta su sauke yara. Doguwar rokar da ke tsaye a waje, wadda ake hangowa daga titi, kwaikwayon Saturn V ce da aka gina a 1999. Mutane kan ƙare ƙarfinsu suna hoto a gindinta, su shiga ciki a gajiye. Ta gaskiyar tana cikin zaure a kwance, an ɗaga ta sama an raba ta gaɓa-gaɓa, tsawonta wajen mita 111. Ka fara daga gindi, inda bakunan injin F-1 guda biyar suke, kowanne faɗinsa ya haura mita uku da rabi. Daga nan ka bi ƙarƙashinta a hankali har tsini, ka ga yadda take ta sirancewa, har ka iso ɗan ɗakin da mutum uku ke zama. A zauren kuma akwai ainihin kumbon Apollo 16 da ya je wata ya dawo a 1972. Ka sunkuya ka dubi ƙasansa, ƙunar shigowa sararin duniya tana nan ba a goge ba. Akwai ɗan dutsen wata da Apollo 12 ya kawo, ƙarami ne, mutum kan wuce shi bai lura ba.

In ka ga dattijo sanye da farar rigar ɗakin gwaji, ka tsaya ka gaishe shi. Tsofaffin ma'aikatan NASA ne da ke zuwa sa-kai, ka tambaye shi ɓangaren da ya yi aiki a kai. Injinan da ke juya mutum ko cilla shi sama kuwa, ka hau su kafin cin abinci. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya bar su.

Abincin yankin na son hattara. Gasasshen naman da suke alfahari da shi yawanci alade ne, har ganye da wake sukan sa masa shi, don haka ka tambaya. Akwai Huntsville Islamic Center don sallar Juma'a, a can za ka ji inda ake samun halal.

Rana ta biyu ka shiga lambun tsirrai da ke kusa da gidan tarihin, da yamma ka hau dutsen Monte Sano. Mai son kai yaro Space Camp, sansanin koya wa yara aikin 'yan sama jannati da ake yi tun 1982, ya yi rajista watanni kafin tafiya, don ba a karɓar wanda ya zo ranar.